Namijin Dabinon Baffa Ilu

A Kudai, bayan tsohuwar rijiya,
inda duwatsu ke ara wa gero inuwa da la'asar,
ranar sunana Baffa Ilu ya tsotse dabino ɗaya,
ya tona rami da yatsa, ya binne ƙwallon,
ya ce, "Wannan na jaririya ne, kowa ya shaida."

Shekara bakwai yana ja masa guga.
Akuyar Hansai ta cinye kansa sau biyu,
sau biyu ya sake toho.
Baffa ya kewaye shi da ƙayar magarya,
yana cewa dabino ba ya jin kiran mai sauri,
kuma ba lallai mai dasawa ne mai taunawa ba.

Ranar da kubensa ya tsage
muka taru kamar an ce ga wata.
Talle mai hawa ya leƙa, ya shinshina,
farin gari ya zubo masa a gemu.
Ya juyo yana karkaɗe hula:
"Baffa, sai haƙuri. Namiji ne."

Namiji ba ya 'ya'ya.
Ruwan shekara bakwai, ba ko ƙwara ta buɗa-baki.
Kawu Barau ya wasa gatari,
wai a sare a sami wurin shuka kuɓewa.
Yara suka raɗa mini Mai Bishiyar Banza,
na yi kuka har tuwon dare ya huce a gabana.

Baffa bai ce uffan ba.
Ya kai buzunsa gindin bishiyar ya zauna,
har gatari ya gaji da jira, ya koma zaure.

Da asuba ya sa Talle ya yanko furen,
ya tsattsage shi sili-sili, ya ɗaure da zaren kaba,
ya ɗora mini faifan a ka.
Muka bi matan dabinon gari ɗaya bayan ɗaya,
masu zubar da 'ya'ya tun suna kore,
na Hansai, na Liman, har na Barau mai gatari.
Talle na sama, ƙaya na yagar hannunsa,
yana cusa sili a tsakiyar huda,
Baffa na ƙasa yana cewa,
"An ɗaura. Allah ya ba da zaman lafiya."

Wannan shekarar nono ya yi nauyi
har sai da aka tokare shi da gwafa.
Aka lulluɓe da tsoffin zannuwa don jemage,
kore ya koma rawaya,
rawaya ta koma launin zumar da ta kwana a ƙwarya.

Sai kwanuka suka fara sallama a ƙofarmu.
"Gashi, in ji Hansai, ladan ango."
"Gashi, in ji Liman."
Na Barau da daddare ya zo, a hannun yaro, ba saƙo.

Inna Tabawa ta baza su a rufin soro,
ni ce mai korar kaji da tsuntsaye,
ina cin na gefe-gefe a matsayin haƙƙin gadi.
Da suka yi yamushi ta tsince masu tsutsa,
ta cika tulu biyu, ta liƙe baki da yumɓu,
ta ce wanda ya taɓa kafin azumi, ita da shi.

Daren farko da ladan ya yi kira aka fasa liƙin.
Ƙamshi ya cika tsakar gida.
Baffa ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya yi dariya,
bakinsa ba haƙori ko na rantsuwa.
Na jiƙa masa uku a madara mai ɗumi,
ya sha, ya lashe cokali.

Yau bishiyar ta wuce hasumiyar masallaci,
ɗan Talle ke hawanta.
Ni ina aure a Jahun, amma kwano bai daina zuwa ba.
Jiya na binne ƙwallo a bayan ɗaki saboda Ladidi.
Ta tambaye ni mace ce ko namiji.
Na miƙa mata buta, na ce je ki ɗebo ruwa.